Bayan maganin jan ƙarfe, yaushe jatan lande zai iya shiga tanki?

MaiTanki: Salam 'yan uwa. Tankin ruwan gishiri ne mai lita 200, an yi wa kifin maganin cutar farin ɗigo da Cupramine, wani magani mai ɗauke da jan ƙarfe. Canza ruwa kaɗai ya isa a saka jatan lande da dodon koɗi?

Gwanin Murjani: Bai isa ba, malam. Kifi na jure miligiram 0.5 na jan ƙarfe a kowace lita, jatan lande da dodon koɗi kuwa ƙasa da haka sosai ke kashe su. Matsalar duwatsu ce da yashin murjani: suna shanye jan ƙarfen, su riƙa sakinsa sannu a hankali, musamman idan pH ya sauka, wato tsamin ruwan ya ƙaru. A fitar da duwatsun da yashin gaba ɗaya.

Hajiya Kifi: A canza rabin ruwan, a sa CupriSorb, abin da ke tsotse jan ƙarfe daga ruwa, da gawayin tacewa a matata. Idan gwajin jan ƙarfe ya nuna sifili, a cire su daga matatar, a jira mako biyu, a sake aunawa. Sifilin da aka gani suna ciki ba hujja ba ce.

Gwanin Murjani: Haka ne, Hajiya. Dodon koɗi ɗaya za a fara sakawa. Nan gaba kuma a yi magani a tankin killacewa marar yashi.