Yaya zan yi da kyanwata a daren Halowin?

Assalamu alaikum 'yan uwa, musamman mazauna Amurka. Shawara nake nema kafin 31 ga Oktoba.

Ina da kyanwa mai shekara 3, akwai ta da tsoro. Mu ba ma bikin Halowin, amma unguwarmu cike take da yara. Daga magariba suke fara danna ƙararrawar ƙofa, fuskoki a rufe, suna neman alewa. Bara na buɗe in ba su haƙuri, sai ta fice a guje ta tsakanin ƙafafuna. Sai da asuba muka same ta a ƙarƙashin motar maƙwabci tana makyarkyata. Kwana biyu ba ta taɓa abinci ba.

Bana zan kashe fitilar bakin ƙofa, tunda a nan alama ce ta gidan da ba a raba alewa. To hayaniyar titi fa? Na gwada kulle ta a ɗaki, ta yi ta yakushin ƙofa tana kuka har tausayi ya sa na buɗe.

Ga kuma cakulan da 'yata ke kawowa daga makaranta. Guba ne ga kyanwa da kare, musamman baƙin nan mai ɗaci, ita kuwa ko ledar alewa ta gani sai ta tauna.

In fara saba mata da ɗakin tun yanzu, da abincinta da kwalin ɓuya? Ko in kai ta likitan dabbobi ya rubuta mata maganin kwantar da hankali? Don Allah wanda ya taɓa gwadawa ya faɗa mini yadda ta kaya.