Gidan gado ya raba 'yan'uwa, ta ina ake fara sulhu?

Ɗan Tudun Wada:
Assalamu alaikum. Akwai wani gida da maigidan ya rasu ya bar mata biyu, 'ya'ya maza biyu da mata uku, da gida mai shaguna a gaba. Babban wa ne ke karɓar kuɗin haya, ba a raba gado ba har yau. Yanzu 'yan ɗakin amarya sun daina gaishe shi, ko suna aka yi ba sa zuwa. Masana, ta ina ake kamo bakin zaren?

Malamin Kawo:
Wa alaikumus salam. A fara da haƙƙi, domin wa'azin zumunci ba ya shiga kunnen wanda yake ganin an danne masa rabonsa. Kuɗin hayar da aka karɓa tun ranar rasuwa na magada ne gaba ɗaya, kowa gwargwadon kasonsa. Babban wa amana yake riƙe da ita.

Kafin rabo a fitar da kuɗin jana'iza, a biya bashin mamaci, har da sadakin da bai cika ba idan akwai, sannan wasiyya, wadda ba ta wuce sulusin dukiya. Abin da ya rage ake rabawa bisa aya ta 11 da ta 12 a Suratun Nisa'i. Misali, idan ya rage naira miliyan 24 kuma iyayen mamacin ba sa raye, matan biyu su raba tumuni (ɗaya bisa takwas), wato miliyan 3, kowace miliyan ɗaya da rabi. Sauran miliyan 21 na 'ya'ya ne, a kasa kashi bakwai: kowane namiji miliyan 6, kowace mace miliyan 3.

Inda ake yawan samun matsala shi ne farashin gidan. Kada a bar wa ɗaya daga cikin magada ya kawo dillalinsa. A samo masu kimantawa biyu ko uku waɗanda kowane ɗaki ya yarda da su. Idan wan yana son riƙe gidan, ya sayi kason sauran a kan farashin da aka tsayar, da wa'adin biya a rubuce. Kuɗin da ya ce ya kashe wajen gyaran kwano ko haƙa rijiyar burtsatse, ya kawo rasit ko shaidu.

Gwaggon Yara:
Malam ya faɗi gaskiya, amma ban yarda a jira rabo kafin a dawo da gaisuwa ba. Rabo yakan ɗauki watanni, alhali Annabi (SAW) ya hana Musulmi ƙaurace wa ɗan'uwansa fiye da kwana uku, kuma ya ce mafi alherinsu wanda ya fara sallama. Yi wa yayanka sallama ba ya nufin ka yafe kasonka.

Sannan a lura da wanda za a sa a tsakani. A gidan 'yan uba, kawu ba ya yin wannan aiki, domin kowane ɗaki da nasa kawun, ɗaya ɓangaren zai ce an yi son kai. A nemi baffa ko gwaggo, ko aminin marigayin, ko limamin unguwa. Ya fara ganin kowa shi kaɗai, ya ji ƙorafinsa har ƙarshe. Sau da yawa za a tarar abin ya girmi maganar shaguna: wani yana riƙe da cewa an kai 'yan wancan ɗaki jami'a shi an bar shi a kasuwa, wata tana jin zafin cewa ita ta yi jinyar Baba a asibiti babu wanda ya ce mata sannu. Idan ba a bari an amayar da waɗannan ba, ko an raba kuɗi gabar tana nan.

Ranar zama, a yi shi a gidan mai sulhun. 'Ya'yan mamaci da iyayensu mata kawai, ban da matan 'yan'uwa da mazajen 'yan'uwa mata. Kuma a dakatar da maganar a zauren WhatsApp na dangi, saƙon murya ɗaya da aka tura cikin fushi yakan rushe aikin wata guda.

Ɗan Tudun Wada:
Gwaggo, in wan ya ce shi babba ne, ba zai ba ƙannensa haƙuri ba fa?

Gwaggon Yara:
Ba a tilasta masa durƙusawa a gaban ƙanne. Ya isa ya kawo lissafin haya ya ce, "Na yi jinkirin rabo, ku yafe mini." "In na ɓata wa wani rai" ba ban haƙuri ba ne, sai ya ambaci abin da ya yi. Ƙannen kuma su riƙa kiransa Yaya a wurin, ko da ransu na ɓace.

Akawu:
Duk abin da aka amince a rubuta shi a ranar, kowane magaji ya sa hannu, da shaidu biyu, kowa ya tafi da kwafinsa. A kai takardar kotun Shari'a alƙali ya tabbatar da ita a matsayin sulhu, sannan wanda gidan ya koma hannunsa ya je KADGIS, hukumar takardun filaye ta Jihar Kaduna, a sauya suna a takardar mallaka. Idan akwai magajin da bai balaga ba, babu mai ikon yafe kasonsa a madadinsa. A kuma rubuta inda iyayen mata za su zauna da abin da kowa zai riƙa bayarwa duk wata na abinci da magani, domin a nan rigima ta biyu take tashi bayan an sayar da gida.