Na yi canjin waya, ta fara ba ni matsala, mai shago ya ce ba a mayarwa

Assalamu alaikum 'yan'uwa. Don Allah shawara nake nema. Na kai tsohuwar wayata wani shago a kasuwar 'yan waya, aka yi mata kuɗi, na yi ciko na karɓi sabuwa dal a kwalinta. Da farko lafiya lau. Ba a rufa sati biyu ba ta fara zafi, ko kira na yi na ɗan jima sai na ji kunnena na ƙuna. Caji kuma in na cika da safe, kafin azahar ya ƙare, wani lokacin ta mutu da kanta. Na mayar masa, ya juya ta a hannu, ya nuna min wani ɗan ƙarzanen gefenta, sannan ya buɗe rasit ya ɗora yatsa a inda aka rubuta cewa kayan da aka saya ba a mayarwa. Na ce to a ba ni tsohuwar tawa, ya ce tuni ta tafi. Abin da kawai zai iya, wai ya saye ta a farashin ta hannu. Ina da haƙƙi ko in haƙura?

Mai gyaran waya: Wa alaikumus salam Hajiya. Kafin komai, kar ki bari kowa ya buɗe wayar nan, ko da ni ne. Da zarar sukurdireba ta taɓa ta, garanti ya tashi. Ki danna *#06# lambar IMEI, wato lambar shaidar wayar, za ta fito, ki duba ko ta yi daidai da ta jikin kwali da ta rasit. In ba su zo ɗaya ba, to ƙila gyararriya ko wata daban aka sa miki a sabon kwali, wannan kuma zancen yaudara ne. In sun zo ɗaya, kai ta cibiyar kamfanin. Misali Tecno da Infinix da itel duk Carlcare ke duba su, sabuwar waya kuma galibi garantin shekara guda take zuwa da shi. Ki roƙe su su rubuta miki abin da suka gani a takarda.

Ɗan kasuwa: Hajiya ki yi haƙuri, amma mu ma a ji ta bakinmu. Waya in an yage ledarta an sa layi, ko kwana ɗaya ta yi, ba mai sayenta a kuɗin sabuwa. Akwai masu karɓa su je biki su sha hotuna, su dawo su ce ba ta yi musu ba. Ribar da ke kan waya ɗaya ba ta kai asarar da za a ɗauka ba. Shi ya sa ake buga wannan rubutu a rasit.

Lauyan unguwa: Alhaji, abin da ka kawo daban, nata daban. Wanda ya saya da idonsa a shago, kaya lafiyayye, daga baya ransa ya sauya, dokar Najeriya ba ta tilasta maka karɓa ba, sai in kun yi sharaɗi tun farko. Amma kaya mai aibi fa? Dokar gasa da kare masu sayayya ta 2018, wadda ta kafa FCCPC, hukumar tarayya mai kare masu sayayya, ta ce a sashe na 131 mai saye yana da haƙƙin samun kaya mai inganci, marar aibi, wanda zai yi aiki na tsawon lokacin da hankali zai ɗauka. Sashe na 132 ya ba shi wata 3 daga ranar da ya karɓa ya mayar, ba tara, kuma dole mai sayarwa ya gyara, ko ya canza, ko ya dawo da kuɗi. Rubutun rasit ba ya soke doka. A 2022 ma wata babbar kotu a Enugu ta yanke cewa tsarin "ba a mayar da kuɗi" na wani kamfanin sufuri haramtacce ne.

Yin amfani da wayar kuwa ba laifi ba ne. Ta yaya za a gane batir na zuba in ba a kunna an yi aiki da ita ba? Abin da zai kayar da ke shi ne in ya tabbata faɗuwa ta yi ko ruwa ya shige ta. Shi ya sa takardar da mai gyara ya ambata ta fi dogon musu amfani. Sai dai ki sani, zai iya zaɓar gyara ko canji, ba lallai kuɗi a hannu ba.

Mai tambaya: Ba ta taɓa faɗuwa ba wallahi. Ƙarzanen nan makulli ne a cikin jaka.

Yayarku daga Ingila: Mu nan in ka saya ta intanet kana da kwana 14 ka fasa ko ba dalili, in kuma da aibi kwana 30 ka mayar a ba ka kuɗinka cif. Amma ko a nan, in ka wuce gona da iri wajen amfani da kayan kafin ka fasa, suna iya rage wani abu. Kar dai ki je ki ce masa kwana 14, dokar nan ce ba ta gida ba.

Malam: Bari in ɗan ƙara ta ɓangaren shari'a, tunda mai shagon ƙila ya fi jin wannan. Malaman fiƙihu suna kiransa zaɓin aibi: wanda ya sayi kaya ya ga aibin da tun wurin mai sayarwa yake, yana da zaɓi ya riƙe ko ya mayar. Amfanin da ya ci kafin ya gano ba a cajinsa, saboda hadisin Nana A'isha da ke cewa amfani yana tare da lamuni, wato da wayar ta ɓace a hannunki ke za ki yi asara, don haka morarta halalinki ne. In wani sabon aibi mai rage daraja ya same ta a hannunki, littafin Risala ya ce ko ki riƙe a biya ki ƙimar tsohon aibin, ko ki mayar ki biya abin da naki ya rage. Ƙarzanen makulli dai masana kasuwar ne za su faɗi ko ya kai a lissafa shi.

Wurin da nake so ki kula: ci gaba da amfani da ita bayan kin ga aibin ana iya ɗaukarsa a matsayin kin yarda. Cire layinki yau, ki kwashe hotunanki da lambobinki, ki mayar da ita kwali.

Kai kuma Alhaji, ko wanda ransa ne kawai ya sauya, karɓa daga gare shi iƙala ce, wato yarda a warware ciniki, kuma Abu Dawud ya ruwaito falalarta. Ba dole ba ce, amma lada ce.

Ɗan kasuwa: Malam na ji. In kamfani ya rubuta cewa matsalar daga gare su ce, ni kaina zan canza, don ni ma dila zan mayar wa. Hajiya, kasuwar waya ba ta rasa ƙungiya da shugabanni. Ki fara kai musu kafin hukuma, ki je da maigida ko yayanki, da rasit da kwali. Ba ɗan kasuwar da ke son a kira shi ofishin ƙungiya a gaban maƙwabtansa.

Mai tambaya: Na gode ƙwarai, Allah Ya saka da alheri. Na duba, lambobin sun zo ɗaya. To tsohuwar tawa da ya sayar fa, in aka ce a dawo da kuɗi?

Lauyan unguwa: Kuɗin da aka yi mata wani ɓangare ne na farashin, sai a haɗa shi da cikonki. Duba rasit ko ya rubuta jimillar ko ciko kawai ya sa. In ciko kawai ne, tura masa saƙo ta WhatsApp ki ambaci nawa ya yi wa tsohuwar, ki adana amsarsa. In ƙungiya ta kasa, ki shigar da ƙorafi ta shafin FCCPC, ko hukumar kare masu sayayya ta jiha in kina Kano, ki haɗa da hoton rasit da na takardar kamfani. Kar ki bari wata ukun nan su cika.