Na'urar ban ruwa ta ƙi aiki da ruwan tanki

Assalamu alaikum 'yan uwa. Don Allah masana aikin famfo ku taimaka mini.

Na shimfiɗa siraran tiyo masu ɗigo a lambun bayan gidana, inda na shuka tumatir da zogale, na haɗa su da na'ura mai batir da ke sakin ruwa da asuba, saboda nakan yi tafiyar kwana uku. In injin burtsatse na aiki, lafiya lau. Amma da ruwan tanki kaɗai, sai ta yi 'yar ƙara, ko ɗigo babu.

Tankin na bisa mita 3, matsin ruwansa kusan 0.3 ke nan a ma'aunin matsi na bar. Na wanke matacin, na canja batir, shiru. In ƙara wa tankin tsayi ne, ko akwai na'urar da ba ta buƙatar matsi? Tumatirin har ya fara yaushi.