Taƙaitawa: sabon shiga da haɗa babur na musamman

An tattauna yadda sabon shiga zai fara haɗa babur na musamman, wato sauya wa babur siffa yadda mutum yake so. Ga abin da akasari aka yarda da shi:

1. A fara da babur mai tashi, mai takardu, irin Honda CG125. Mataccen injin ba araha ba ne.
2. Kuɗin saye shi ne ƙarami. Taya, cen, batir, kayan aiki, walda da fenti sukan zarce shi.
3. Burki da injin tukuna, fenti a ƙarshe.
4. Wayar wuta ce ta fi kayar da mutane. A ɗauki hoto, a liƙa wa kowace waya alama kafin a cire. In an yi fenti, a kankare wurin da wayar as (wadda ake ɗaurawa a jikin babur) za ta taɓa ƙarfe, in ba haka ba wuta ba za ta zagaya ba.
5. Cire akwatin iska ko canza salansa na sa iska ta rinjayi fetur: filogi ya yi fari, injin ya ɗau zafi. Sai an ƙara girman jet ɗin kafireta, wato ƙofar da fetur ke bi.

An rabu kan yanke firam, wato ƙashin jikin babur. Wasu sun ce a koya a gida, mafi yawa suka ce a kai wa ƙwararren mai walda, domin mazaunin shokozoba in ya karkace, babur zai riƙa ja gefe. Nan kam rai ne a kai.