Wa ya taɓa kai iyali Tafkin Madarunfa?

Bakatsine: Assalamu alaikum 'yan uwa. Yara sun tasa ni gaba sai na kai su ganin ruwa a hutun nan. Na ga in an bi ta Jibiya aka tsallaka Ɗan Isa, Madarunfa ba nisa. Don Allah wanda ya taɓa zuwa ya ba mu labari, wane lokaci ya fi dacewa?

Ɗan Maraɗi: Wa alaikumus salam, yaya. Mu nan ƙofar gida ce, kilomita 20 da ɗoriya kudu da Maraɗi. Lokacin zuwanka shi ne komai. Bayan damina, in Gulbin Gabi ya gama zubo ruwa, tafkin yakan kai hekta 800, har ya kewaye gindin kukoki. Na koma da bazara, na tsaya da takalmina a daidai inda muka wuce cikin kwalekwale watanni biyar baya, ƙasa ta tsattsage, wani dattijo na ban-ruwa a lambunsa can gefe. Ka zo tsakanin Nuwamba da Janairu: ruwa na nan, rana ba zafi, ga tsuntsaye baƙi da ke sauka lokacin sanyi.

Uwar Biyu: Mu da hunturu muka je. Shawarata guda, ka riƙe yaranka da hannu. Bakin ruwan kamar ba zurfi, amma laka ce mai kama ƙafa. Ƙaramin nawa ya taka, ta haɗiye masa silifa ɗaya, har yau can yake. Da muka shiga kwalekwale kuma babu rigar hana nutsewa ko ɗaya, babban ya leƙa zai taɓa ganyen bado, jirgin ya karkata, na yi salati da ƙarfi har mai tuƙi yana dariya. Ni dai ban ga abin dariya ba. A tsakiya zurfin ya ninka tsayin namiji.

Ɗan Maraɗi: Gaskiya Hajiya ta faɗa. Kar ka bari a cika muku jirgi, kuma ku daidaita kuɗi tun kuna tudu.

Tsohon Malami: Ɗana, ka sani wurin ba na shan iska ba ne kawai. Mutanen garin suna cewa kaburburan waliyyai 99 ne suka zagaye tafkin, kuma ana zuwa ziyara daga nesa, har daga Najeriya. Saboda su da dajin da ke kusa ne Nijar ta miƙa sunan wurin ga UNESCO, hukumar raya al'adu ta Majalisar Ɗinkin Duniya, a 2006, don neman a sa shi cikin wuraren tarihi na duniya. Ko kana da ra'ayin ziyara ko babu, in ka ga duwatsu a jere, kada yara su hau. Na taɓa ganin samari sun kunna kiɗa kusa da wani kabari, dattawa suka tashe su.

Mai Son Kifi: Ku duk kun manta babban abu! Ka isa da hantsi lokacin da masunta ke fitowa. Na sayi tarwaɗa tana motsi, wata baba ta soya mana ƙarfasa da yaji. Ka canza sefa tun a iyaka, masu canjin can sun fi sauƙi.

Bakatsine: Na gode ƙwarai. Disamba ke nan in Allah ya kai mu. Hanya fa, tana da lafiya?

Ɗan Maraɗi: Ka tambayi direbobin tashar Jibiya a ranar da za ka taso, kuma ka juyo gida kafin la'asar.