Amurkawa sun fara kasa biyan bashin mota, wai tokumbo za ta yi araha?

Abu_Safwan:
Salam 'yan uwa. Dan Allah masu harkar mota da mutanenmu na Amurka a taimaka min da haske. Kwana biyun nan duk inda na leƙa a YouTube da X zancen ɗaya ne, wai Amurkawa sun kasa biyan bashin motocinsu, bankuna sai kwashe motoci suke, wai kasuwar mota za ta rushe kamar yadda ta gidaje ta yi a 2008. To ni na ɗan tara kuɗi ina son Corolla ko Camry tokumbo, shin in ɗan jira farashi ya sauko ne ko in saya yanzu kawai? Kuma da gaske abin ya kai yadda ake faɗa ko masu neman mabiya ne ke zuzutawa?

Dan_Bronx:
Wa alaikumus salam Abu Safwan. Maganar akwai ta, ba ƙarya ba ce, sai dai masu bidiyon nan suna ƙara mata gishiri sosai. Bari in faɗa maka yadda abin yake a nan.

Da farko ka sani a ƙasar nan in ka cire birane irin su New York da ke da jirgin ƙasa, mota ba ado ba ce, in ba ka da ita ba ka da aiki, kuma yawancin masu sayen sabuwa ba sa ƙirga kuɗi su biya lokaci ɗaya, bashi ake ci ana biya wata-wata. Jimillar bashin mota da ke kan mutane yanzu ya haura dala tiriliyan 1.6. Asalin matsalar daga lokacin korona ta faro, a 2021 aka yi ƙarancin 'yan ƙananan na'urorin lantarkin nan da ake sa wa motoci, kamfanoni suka rage ƙerawa, ga gwamnati ta raba wa mutane kuɗin tallafi, sai farashi ya haukace har tsohuwar mota ta koma kusan kuɗin sabuwa, mutane suka yi ta saye a haka. Daga Maris 2022 kuma babban bankin ƙasar ya fara ɗaga kuɗin ruwa, daga kusan sifili har ya kai sama da kashi 5 a 2023. Wanda tarihin biyan bashinsa ba kyau, in zai ɗauki tsohuwar mota ruwan da ake ɗora masa yana kai kashi 20 cikin 100, wani ma ya wuce. Ga inshora ita ma ta tashi, ga gyara, ga kuɗin haya.

A Satumban 2025 matsakaicin farashin sabuwar mota ya wuce dala 50,000 karon farko. Abin da mai sabuwar mota ke biya duk wata yana wajen dala 750, kuma kusan mutum ɗaya cikin biyar yana biyan 1,000 ko fiye. Dillalai da suka ga mutane ba za su iya ba sai suka ce a ja bashin zuwa wata 84, shekara bakwai kenan fa, kana biyan mota har ta tsufa a hannunka, kuma nan ne mugun tarkon yake, domin motar tana faɗuwa a daraja da sauri fiye da yadda bashin ke raguwa, sai ka ga ana bin mutum 25,000 a motar da ko 18,000 ba za ta yi ba. In ya je canza ta sai a ɗora ragowar tsohon bashin a kan sabon.

Kamfanin Fitch da ke bibiyar lissafin ya nuna a cikin masu raunin tarihin bashi, waɗanda suka yi kwana 60 ko fiye ba su biya ba sun kai kashi 6.65 a Oktoban 2025, tun da suka fara lissafin a farkon shekarun 1990 ba a taɓa ganin haka ba. Motocin da aka ƙwace a 2024 kuma sun kai wajen miliyan 1.7, rabon da a ga irin haka tun 2009. Kuma a yawancin jihohi ba sai an je kotu ba, cikin dare mai janwe zai zo ya ja ta, da yawa ma an sa musu na'urar bin sawu tun ranar da aka saya. Abin takaicin, bayan an yi gwanjonta in kuɗin bai cike bashin ba ana ci gaba da bin ka ragowar, ba mota ga bashi.

Alhaji_Motors:
Abu Safwan ƙanina, in ka ce jira za ka yi sai Amurka ta rushe kafin ka hau mota to ka sayi takalmi mai ƙwari. Duk abin da Dan Bronx ya faɗa haka ne, amma ni ta ɓangaren da ya shafe ka zan yi magana.

Motar da banki ya ƙwace ba ita ce ke zuwa mana ba galibi. Ita lafiyayya ce, 'yar shekara biyu zuwa biyar, ana kai ta gwanjon dillalai irin su Manheim, dillalan can su saye su sake sayar wa wani talakan da wani sabon bashin. Mu namu yawanci daga kamfanonin gwanjo na Copart da IAA suke fitowa, motocin da suka yi hatsari ko ruwa ya ci inshora ta sallama su, mu sayo da araha a kawo Legas mai gyaran jiki da mai fenti su tashe ta. Akwai ƙwatattun a can ma amma ba su ne kasuwarmu ba. Corollar da kake nema 'yar 2010 zuwa 2015 galibi ba ta cikin wannan rikicin, yawancin waɗancan an gama biyan bashinsu tuntuni.

Sannan ko da farashi ya sauka a can, lissafa da kanka. Kuɗin motar a gwanjo wani yanki ne kawai, akwai kuɗin kamfanin gwanjon, akwai ja zuwa tashar ruwa, akwai jirgi zuwa tashar Tin Can ta Legas, ga kwastan da su ma da farashin dala suke lissafi, ga ejan, ga tirela zuwa Kano, ga gyara. Kafin Yunin 2023 dala a hukumance tana wajen naira 460, a 2024 ta wuce 1,500. Wannan shi ne ya ninka kuɗin mota a ƙasar nan, ba wani abu da Ba'amurke ya yi ba. In mota ta rage dala 500 a can, naira ta ɗan zame a nan, shikenan ragin ya tafi. Ni dala nake kallo kullum da safe, ba labarin bankunan Texas ba.

Maman_Ilham:
Ni maganar 2008 ɗin ce nake ganin ba ta zauna ba. Bashin gidaje a Amurka ya kai wajen tiriliyan 13, na mota bai kai ko kashi ɗaya cikin bakwai na wannan ba, kuma mota cikin 'yan makonni an ƙwace an sayar, gida kuwa sai a yi wata da watanni ana fama. Ga shi masu kyakkyawan tarihin bashi har yanzu suna biya lafiya lau, waɗanda suka makara a cikinsu ba su kai kashi 1 ba. Wato na ƙasa ne ke nutsewa, masu hali suna ta sayen manyan jif abinsu, shi ya sa ma matsakaicin farashin ya yi sama haka.

Abin da ya tsorata masu kuɗi shi ne Tricolor, wani kamfani a Texas da ke sayar da tsofaffin motoci bashi ga baƙi 'yan Latin Amurka marasa tarihin banki. A Satumban 2025 ya durƙushe lokaci ɗaya, aka zarge shi da jinginar da bashi ɗaya a wurin masu ba da rance daban-daban, bankin JPMorgan kaɗai ya yi asarar dala miliyan 170. A watan dai First Brands mai kayan gyaran mota shi ma ya faɗi. Shugaban JPMorgan Jamie Dimon har cewa ya yi in ka ga kyankyaso ɗaya to da alama akwai wasu. Amma ka lura wannan zargin almundahana ne a ciki, ba kasa biya kaɗai ba.

Kuma Abu Safwan ka ƙara da wannan, Trump ya sa harajin kashi 25 kan motocin da ake shiga da su Amurka a Afrilun 2025, duk da daga baya an sassauta wa Japan da Turai. Sabuwa in ta yi tsada mutane tsohuwa suke komawa, wannan kuma riƙe farashin tokumbo yake yi ba karya shi ba.

Sarkin_Yawo:
Hhhh ashe su ma haya fachas suke yi kamar 'yan adaidaita sahu, ka makara da balas mai keke ya aiko a karɓe makulli. Mu da muke ganin su a fim kowa da dalleliyar mota ashe ta banki ce 😂

Dan_Bronx:
Wlh Sarkin Yawo kusan haka ne. Mutanenmu masu Uber a nan da yawa suna ciki, mutum ya ɗauko jif saboda manyan fasinja, aiki ya ja baya, inshorar haya ta cinye shi. Maman Ilham na yarda ba 2008 ba ce, amma fa a da in mutum ya shiga matsi katin bashi yake fara sakewa, mota ce ta ƙarshe saboda da ita yake zuwa aiki, to in har an kai ga sakin mota ai abin ya yi nisa a gidaje da yawa.

Abu_Safwan:
Na gode ƙwarai, Allah Ya saka. Alhaji kenan dai in shigo kasuwa? Kuma ya zan gane wadda ruwa ya ci?

Alhaji_Motors:
Shigo, amma kar ka biya ko sisi sai ka karɓi lambar VIN, harufa da lambobi 17 ne a ƙasan gilashin gaba ɓangaren direba, ka sa ta a Google sau da yawa hotunan motar a filin gwanjo za su fito ka ga yadda take kafin a gyara. Mai bugun gefe ko baya ba matsala in an yi aiki mai kyau, mai ruwa ce ka guje wa, matsalar wayarinta ba ta ƙarewa. Ka ɗaga kafet ka shinshina, ka duba tsatsa a ƙarƙashin kujera, ka zo da makanikenka ba na mai sayarwa ba, kuma ka tabbatar takardun kwastan na gaske ne kafin su tare ka a hanyar Kaduna.